Gayyar Theresa

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Michael bai dawo daga Bena ba. Tun jiya da magariba nake kiran wayarsa, matar nan ta cikin waya har ta gaji da gaya mini a kashe take. Usama ya ce matsalar sabis ce, wai kowa ya san can ƙasar sai ka hau tudu kafin kira ya shiga. Na yarda da shi, don yarda ta fi sauƙi.

Jiya gayyar Usama ce. Duk wanda ya tambaye ni mene ne aikin ƙungiyarmu ta masu ƙera manhaja a Zuru, cewa nake gayya ce irin ta noma, gonar ce kawai ta koma cikin kwamfuta. Asabar ɗin farkon kowane wata mukan taru a ɗakin bayan shagon Oga Cletus mai kayan waya, mu sa hannu a aikin kamfanin mutum ɗaya tun safe har yamma. Masu rubutu su rubuta, masu gwaji su gwada, masu zaƙin baki su fita nemo masa kwastoma. Mai gayya abinci kawai zai kawo, wanda aka yi wa kuwa dole ya zo ta sauran. Michael ne ya kawo mana wannan tsari daga ƙauyensu Manga. Ni kuma aka naɗa ni shugaba saboda na fi kowa furfura, kuma ina koyar da kwamfuta a sakandare. Sarauta ce ba albashi ba bulala: in tuna wa mutane rana, in raba faɗa, in riƙe makulli.

Manhajar Usama ta 'yan kasuwar hatsi ce, ana neman wanda zai je Bena ya saka musu ita a waya, ya nuna musu yadda take. Michael ya ɗaga hannu, ya ce shi ke da mashin mai lafiya. Na ce madalla. Iyakar abin da na ce ke nan, madalla.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan azahar

An ga mashin ɗin a bakin hanya. Makullin na jiki.

Talata, 9 ga Satumba, da la'asar

Na je inda ake zuwa, wurin 'yan sanda, na faɗi abin da na sani, aka ce in bar lambata. Mutumin da ya saurare ni mai kirki ne, har ruwa ya ba ni. Da ya tambayi abin da ya kai Michael can, na shiga bayanin manhaja da gayya, sai na ga ya ajiye biro yana kallona. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na ji kaina ina bayanin, sai abin ya zame mini kamar wasan yara.

Guruf ɗinmu na waya ya cika da addu'o'i, Musulmi da Kirista kowa na turo tasa, ana ta amin. Bayan amin kuma tambaya ɗaya ce ke dawowa: "Shugaba, me za mu yi?" Na fara amsa na goge, na fara na goge. A ƙarshe na rubuta musu mu ci gaba da addu'a, abin da suke yi tun kafin in buɗe baki.

Alhamis, 11 ga Satumba, da rana

Theresa ta same ni a makaranta an fita tara. Na nuna mata benci, ta ƙi zama. Ta ce, "Malam Lawwali, na san ba lokacin wannan magana ba ne, shi ya sa zan yi ta a tsaye. Gayyata tana nan ran huɗu ga wata?"

Ita ce ta ƙarshe a wannan zagaye. Manhajarta ta masu kemis ce, tana gaya wa mai shago maganin da ya kusa lalacewa da wanda ya kusa ƙarewa. Ƙungiyar masu kemis na yankin nan sun ce ta nuna musu tana aiki ran Litinin da ke bin gayyar, in ba haka ba su ɗauki ta wani kamfani na Legas. Saboda wannan manhajar ta ƙi aikin da aka ba ta a Kaduna. Abin da ya rage shi ne sashen da zai sa ta yi aiki ko babu sabis, tunda rabin kemis ɗin a ƙauye suke. Michael ne gwanin wannan, shi ya ce ta bar masa. In babu shi, sai dai Usama da Godswill su haɗa kai, mu sauran mu yi ta gwaji, ko a samu a fita a yini guda.

Ba ta taɓa fashin gayyar kowa ba, ko ranar da take zazzaɓi da ruwan magani a jaka ta zo. Watan Agusta nata ne, na roƙe ta ta bar wa Godswill. Watan nan ma nata ne, na roƙe ta ta bar wa Usama.

Na ce, "Tana nan, in sha Allahu." Ta yi mini kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafinsa a gida, ta ce to, ta tafi.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Na buɗe ɗaki kamar yadda nake yi kowace Asabar don masu son koyo. 'Yan kaɗan suka leƙo, ba wanda ya buɗe kwamfuta, aka zauna ana kallon ruwan sama ta taga. Da za a tashi Oga Cletus ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ɗaki yana nan, sola yana nan, ban ce ku tashi ba. Amma matana ya ce in tambaye ka, wannan aikin naku, akwai tafiya kuma?" Ɗansa yana cikin masu koyo. Na ce babu tafiya, ya ce Allah ya sa.

Litinin, 15 ga Satumba, da safe

Babu labari.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gidan su Usama, tunda ya daina ɗaukar waya. Na tarar da shi a zaure, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Yaron da in ya fara zuba sai ka roƙe shi ya sha ruwa, yau gaisuwa ma da ƙyar. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in kawo maganar Theresa.

Ya ce, "Malam, wallahi ba ni iyawa. Tun ran nan ban buɗe kwamhuta ba. In na gan ta gabana ka hwaɗuwa. Aikina hwa ya tahi yi. Mi zan ce ma tsohonai?"

Na ce ba shi ya aike shi ba, ƙaddara ce, na faɗi duk abin da ake faɗa. Ya ce, "To wa ya aike shi?" Ba da rashin kunya ya yi ba, tambaya ce ta tsakani da Allah. Daga cikin gida mahaifiyarsa ta ɗaga murya ta ce in gai da mutanen gida, wato dai in kama hanya. Na kama.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan masallaci

Wata baƙuwar lamba ta kira ni ina cikin aji, na fita a guje har na yi tuntuɓe da benci, yara na dariya. Wani ne ke neman mai gyaran firinta.

Lahadi, 21 ga Satumba, da yamma

Yau dai na je Manga. Sati biyu ina cewa gobe, sai da Theresa ta zo bayan sun tashi coci ta tsaya a ƙofar gidana, ta ce ba ta motsawa sai na ɗauko mashin. Kunya ta kai ni inda zuciya ta kasa.

Baba Japhet, mahaifin Michael, tsohon soja ne, yanzu noma yake. Mun same shi ƙarƙashin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya karɓe mu da kyau, ya sa aka kawo kunu. Na shirya magana tun daga Zuru, da na zauna gabansa sai ta gudu ta bar ni da "Allah ya bayyana," na yi ta maimaitawa. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Dawarsa ta yi kyau ƙwarai. Ya ce maƙwabta ne suka taru suka gama masa noman ƙarshe ba tare da ya kira kowa ba.

Sai ya ce, "Malam, yaron nan kullum ya ce mini yana zuwa gayya a Zuru. Na ce wane gona ne a cikin shago?" Theresa ta yi masa bayani, ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "An yi ma Michael nashi?" Na ce an yi tun da bazara. Ya nuna Theresa da ƙota, ya ce, "Ɗiyan nan fa?" Na ce tukuna, sai Asabar ta sama. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da fiƙe icensa.

Muka kama hanyar dawowa. Duk mashin ɗin da ya taho ta bayanmu sai na ji Theresa ta damƙe ƙarfen kujera.

Talata, 23 ga Satumba, da azahar

Godswill ya tafi Abuja. A guruf na gani, tare da kowa, da hoton jakarsa a tasha da dogon rubutu kan yadda ba zai taɓa mantawa da mu ba. Na kira shi, ya ce, "Oga Shugaba, babana ya ce in bar gari, me zan yi? Zan taimaka daga can, ai duk intanet ne." Na ce ranar gayyarsa ba ta intanet Theresa ta zo ba, da ƙafarta ta zo, ta wuni tana gwada masa manhajar sakamakon jarrabawa har idonta ya yi ja. Sai ya ce sabis ba kyau, ba ya jina.

Na yi fushi, fushi sosai, har na kasa cin abinci. Da na huce sai na ga ba ni da hujja. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, haka aka ce, kuma da ɗana ne ni ma tashar zan kai shi da hannuna. Mutumin da ya zo don ransa ya so, da me zan riƙe shi in ransa ya daina so?

Alhamis, 25 ga Satumba, da hantsi

An ce an kira wani kawun Michael. An ce ba a kira ba. An ce an ji muryarsa, an ce ta wani ce. Akwai kuma abin da wani ɗan kabu-kabu ya faɗa a bakin kasuwa, wannan ba zan rubuta shi ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da la'asar

Ni da Theresa kaɗai a ɗaki. Na ce ta buɗe mini sashen nan in gani, ko hannuna zai tuna wani abu. Shekara da shekaru ina koya wa yara yadda ake kunna kwamfuta da yadda ake kashe ta, ga shi yau ina neman in gyara abin da ya sa Michael kansa yake tsaki. Na taɓa wuri ɗaya, wurare uku suka lalace. Ta bar ni na yi ta fama har ta ga gumi ya jiƙa mini hula, sannan ta ja kwamfutar a hankali ta mayar da komai yadda yake. Ta ce, "Malam, kai dai ka kawo mini mutane. Shi ne aikinka."

Ba da zafi ta faɗa ba. Da ma da zafin ne, da na samu abin yin fushi.

Litinin, 29 ga Satumba, da safe

Na kira shugaban masu kemis na roƙe shi ya ƙara mata wata ɗaya. Dattijo ne, ya yi mana jaje, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce sun riga sun ɗaga mata sau biyu, mutanensa sun fara cewa yana da wata manufa, kuma mutanen Legas har sun turo wakili yana masauki. Ya ce, "Malam, in ta yi aiki ran Litinin ni ne na farkon sa hannu, ɗiyarmu ce. In ba ta yi ba, ban da bakin magana." Na yi masa godiya. Na lura kwanan nan godiya nake ta yi wa masu ce mini a'a.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Babu makaranta, sai na bi 'yan ƙungiya gida-gida. Wannan ya tafi biki Mahuta, wancan matarsa ta ce yana barci alhali ga takalminsa ga muryarsa. Wata ta ce za ta zo in mijinta ya yarda, ta faɗa tana kallon ƙasa. Ba wanda ya ce ba zai zo ba. In sha Allahun da na tara yau za ta cika buhu.

Ba tsoron ɗakin suke ba, ɗakin yana tsakiyar gari. Ina ganin kunyar haɗuwa da juna ce, kowa ya tuna yana wurin ranar da aka nemi mai zuwa Bena, kuma kowa ya tuna inda ya sa nasa hannun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun rubuta shi da fenti a bangon ɗakin tun ranar da muka fara. Ban taɓa tunanin me ake yi ba in hannuwan suna nan amma sun ƙi fitowa daga aljihu.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da rana

Babu labari. An yi ruwa, ƙila na ƙarshe.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da yamma

Na gamu da Theresa a kasuwa da kaji a hannu, mai kabu-kabu na ɗaure mata shinkafa da jarkar mai. Na ce ta rage, kada ta wahalar da kanta, ba mu san ko su wa za su zo ba. Ta ce, "Na ci na kowa, Malam. In na dafa kaɗan, ni na fara cewa ba za su zo ba." Sai na karɓi kajin na riƙe mata har ta hau.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Na share ɗaki, na jera kujeru, Oga Cletus ya jona mana sola. Theresa ta kawo kuloli sun cika tebur guda, ƙamshi har bakin titi. Usama ya turo wa Theresa saƙo, kalma uku, ki gafarce ni. Wayar Godswill tana ta ƙara ba a ɗauka. Duk inuwar da ta gitta ƙofa sai mu ɗaga kai tare, sai mu ga mai sayen caja ne.

Asabar, 4 ga Oktoba, gab da magariba

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Baba Japhet a bakin ƙofa, da tsohuwar rigar sanyinsa ta soja, laka har gwiwa. Na miƙe a firgice, na zaci labari ya kawo. Ya ɗaga hannu ya ce, "Babu komai tukuna, Malam, zauna. Gayya na zo." Na fara cewa Baba ai ba irin wannan ba ce, ya katse ni. "Na sani ba gona ba ne, ɗiyan nan ya gaya mini. A wurinmu in mutum ya ci gayya, ranan biya ya zo ba ya nan, gidansu ne zai fito. Ƙannensa mata ne, suna makaranta. Ni ne gidan. Ku ba ni aiki."

Theresa ta juya ta fuskanci bango na ɗan lokaci. Da ta juyo sai ta ɗauko waya ta saka masa a hannu, ta ce shi ne mai kemis yau, ya shigar da magani ya fitar, duk inda ta tsaya ya faɗa. Ya sa tabarau mai ɗaure da zare ya fara. Yatsansa ya fi madannin girma, in ya nufi ɗaya sai ya danna biyu. Duk sanda ta tsaya sai ya ce, "Ya mutu kuma," ita ta duba, ni in karanta mata abin da allo ya nuna. Haka muka wuni mu uku. Bai tashi ba sai don fitsari, kuma sai da ya nemi izini.

Da azahar ta zuba mana abinci. Ya ci sosai, ya yaba miya, ya ce mai gayya ta fita kunya. Sauran kulolin ba a ko buɗe su ba, daga baya Oga Cletus ya raba wa maƙwabtan shago.

Manhajar ba ta yi ba. In akwai sabis lafiya lau take, da an kashe data sai ta haɗiye duk maganin da aka shigar. Bayan la'asar Theresa ta rufe kwamfuta a hankali, ta ce ya isa. Ta ce ran Litinin da kanta za ta je ta gaya wa masu kemis, ba ta so su ji a bakin wani, daga nan ta kira mutanen Kaduna ta ji ko sun cike gurbin. Na ce ko mu sake gwadawa gobe. Ta ce, "Da wa, Malam?"

Baba ya tambaya ko an gama. Ta ce, "An tashi dai, Baba." Manomi ne, ya gane. Ya cire tabarau ya goge, ya ce wata gonar haka take, a taru a kanta ta ƙi, balle ba a taru ba. Ya sa mata albarka da harshensu, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba, ita kuwa tana durƙushe tana amsawa hawaye na zuba.

Na ce in kai shi Manga, ya ƙi, ya ce rana ta yi ƙasa, kada in dawo ni kaɗai a hanya. Na raka shi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Har ya hau sai ya sa aka dakata, ya kamo hannuna, ya ce, "Malam, kai ne shugaba. Ka gaya ma mutanenka Michael ya zo."

Na ce to, Baba. Na dawo na kulle ɗakin, na daɗe tsaye da makulli a hannu. Ban san wa zan gaya wa ba.